Hukuncin Mako Na 12: Gwanintar Likitocin Hanta a Zamanin Allurar Intafiron

Akwai maganin da in likita ya rubuta shi, aikinsa ya ƙare, saura na majinyaci ne, ya haɗiya ya jira sauƙi daga Allah. Tsohon maganin ciwon hanta nau'in C ba ya cikin wannan sahu. Daga 2001 zuwa wajen 2013, abin da duniya ta dogara da shi shi ne allurar intafiron sau ɗaya a mako, haɗe da ƙwayoyin ribabirin safe da yamma, har tsawon mako 24 ko 48. Rubuta shi a takarda bai wuce minti biyu ba. Abin da ke biyo baya ne ke raba gwani da ɗan koyo. Wata bayan wata majinyaci yana zuwa yana ƙara ramewa, kuma kowane zuwa sai an yanke hukunci: a ci gaba, ko a rage, ko a ƙara wa'adi, ko a ajiye allurar ɗungurungum. A ganina, hukunce-hukunce kaɗan ne a aikin likita suka buƙaci iya lissafi da sanin halin ɗan Adam a zama ɗaya kamar wannan.

Halin cutar ne ya fara tsaurara lamarin. Ta jini take shiga: sirinjin da aka yi wa wani allura da shi aka sake amfani da shi, ƙarin jinin da ba a tantance ba, aska ko rezar da ta yanki wani. Kusan mutum uku cikin goma jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida. Sauran kuwa sai ta samu wuri a hanta ta yi lamo, shekara goma, shekara ashirin, ba zazzaɓi ba shawara, mutum yana nomansa, yana kasuwarsa, yana aure yana haihuwa. A ɓoye take yi wa hanta tabo, kuma cikin shekara ashirin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari hantarsu kan ƙandare. Daga nan sai ruwa ya taru a ciki, ko aman jini, ko sankarar hanta. Ke nan yawancin waɗanda aka ɗora wa maganin da ƙafarsu suka zo asibiti, garau a ganinsu. Maganin ne ya kwantar da su.

Kwantarwa kuwa ta gaske. Intafiron sinadari ne da jiki ke fitarwa da kansa in mura ko wata ƙwayar bairos ta kama mutum, kuma yana cikin abin da ke jawo ciwon gaɓoɓi da rawar sanyin da ake ji lokacin mura. To, a ce an ɗura wa mutum shi da yawa duk mako. Da daddare majinyaci zai ɗauko sirinjin daga firji, ya bari sanyinsa ya sake, ya damƙi fatar cikinsa ko ta cinya, ya soka. Akan ce masa ya zaɓi daren da washegari ba aiki, ya sha farasitamol, ya yawaita shan ruwa. Bayan 'yan sa'o'i masassara ta taso, kai ya ɗau sara, ƙasusuwa su yi nauyi. Kwana biyu yana fama, ya ɗan farfaɗo, kafin ya ankara ranar allura ta sake zagayowa. Ribabirin kuma nata ta'adin daban ne: farfasa jajayen ƙwayoyin jini take yi, har ƙaƙƙarfan mutum ya taka 'yan matakala ya tsaya yana haki. Ga ƙaiƙayi, ga busasshen tari, gashi na zuba, abinci ya fita daga rai, barci ya ƙaurace wa ido. Intafiron yana danne ɓargo, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta su ragu, haka ma ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Mafi muni shi ne abin da yake yi wa rai: saurin fushi, ƙunci, baƙin ciki marar dalili, wanda yakan kai wasu ga tunanin hallaka kansu.

Duk wannan wuya kuma babu tabbacin biyan buƙata. A babban binciken da Michael Fried na Jami'ar North Carolina ya jagoranta, wanda aka buga a 2002, kashi 56 cikin ɗari ne suka warke. Ƙwayar cutar tana da manyan dangogi shida. Dangi na 2 da na 3 masu sauƙin kai ne, mako 24 ya ishe su, kuma bakwai zuwa takwas cikin goma sukan warke. Dangi na 1, wanda ya fi yawa a Amurka da Turai, mai taurin kai ne: mako 48 cur, kuma a binciken Fried kashi 46 kawai suka tsira. Dangi na 4, na Masar da tsakiyar Afirka, shi ma mako 48 ake ba shi. Likitan da ya fara wa mutum goma masu dangi na 1 magani ya san cewa biyar ko shida za su sha wahalar shekara guda a banza, in har ba a gano su da wuri an sallame su ba. Gano su da wuri shi ne gindin gwanintar.

Abin aikin shi ne awon da ke ƙirga yawan ƙwayar cutar a cikin kowace mililita ta jini. A 1998 Avidan Neumann da Alan Perelson da abokan aikinsu suka nuna cewa jikin mai cutar yana haifar da ƙwayoyi kusan tiriliyan ɗaya a rana, kuma kowace ƙwaya 'yan sa'o'i kawai take yi a jini kafin a share ta. Adadin da ake gani a takardar awo, ashe, daidaito ne tsakanin haihuwa da mutuwa. Da zarar magani ya toshe haihuwar, adadin zai rikito cikin kwanaki. In kuwa bai rikito ba, maganin bai kama ba. Saurin faɗuwar a makonnin farko yana ba da labarin yadda ƙarshe zai kasance. Gwanin haƙar rijiya ba ya jira sai igiyarsa ta ƙare. In ya kai wani zurfi yakan damƙi ƙasar da ke fitowa ya murza a tafin hannu: in da danshi ya ce wa mai gida a ƙara haƙuri, in fa ne busasshe ya ce a tashi a sake wuri, ko da an riga an kashe kuɗi. Wuraren murza ƙasar likitan hanta su ne mako na 4, da na 12, da na 24.

Na 12 ne mai yanke hukunci. Ƙa'idar ita ce adadin ya faɗi ninki ɗari daga inda aka fara, ko ya ɓace gaba ɗaya. Mu ƙaddara mutum ya fara da 2,000,000. A mako na 12 ana so a ga 20,000 ko ƙasa da haka. Sai takarda ta fito da 300,000. A idon majinyaci wannan nasara ce babba, tunda kashi 85 cikin ɗari na abokan gaba sun tafi. A idon likita kuwa an faɗi, domin a binciken Fried, cikin waɗanda ba su kai wannan faɗuwa ba, 97 cikin ɗari ba su warke ba duk da sun ci gaba.

A nan ake jin zance irin wannan. Majinyaci ya gyara zama, takarda a hannu: "Likita, ai ta sauka. Daga miliyan biyu zuwa dubu ɗari uku fa. Kada ka dubi ramata, wallahi zan iya jurewa."

Likitan da ya san aikinsa ba zai yi masa musu a kan juriya ba. "Malam, na san za ka iya, ai na gani da idona wata uku. Matsalar daga maganin take, bai kama irin ƙwayarka ba. In na bar ka a kai, mako 36 za ka ƙara kana shan wannan wuya, kuma cikin mutum ɗari masu irin takardarka, da ƙyar uku su warke. Mu adana ƙarfinka. Za mu riƙa duba hantar, kuma ana kan neman wani maganin."

Wannan magana ta fi wuyar faɗa fiye da yadda take a rubuce. Mutumin ya riga ya zuba kuɗi, ya zuba lafiya, iyalinsa sun sha fushinsa na wata uku, ga shi an tarbiyyantar da shi, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu duka, cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Shi kansa likitan zuciyarsa tana raya masa ya ƙara ko da wata ɗaya, ko Allah zai sa a dace. Har an taɓa zaton cewa ko ba a warke ba, ci gaba da allurar kaɗan-kaɗan zai kare hanta daga lalacewa. An jarraba wannan zato a Amurka a kan mutum fiye da dubu waɗanda maganin bai yi musu aiki ba kuma hantarsu ta yi tabo sosai. Rabinsu aka yi ta yi musu rabin allura tsawon shekara uku da rabi, rabi aka bar su haka nan. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna allurar ba ta rage lalacewar hanta ko mutuwa ba. Likitocin da suka riƙa cewa a tsaya a mako na 12 su ne da gaskiya, kuma sun ceci mutane da yawa daga azabar da ba ta da lada a wajen hanta. Haka hukuncin yake a mako na 24: in har ana iya ganin ƙwayar a jini, komai ƙanƙantarta, an tsaya.

Sai kuma ɗaya fuskar, wadda ni na fi jinjina wa. Wani majinyacin ne, a mako na 20, ƙwayar ta ɓace daga jininsa tun mako na 12, amma shi ya gaji. Ya sauke kilo takwas, ya daina fita kasuwa, ya zo da magana ɗaya: "An ce babu ita a jinina. To wahalar me nake sha kuma?" Tambaya ce ta mai hankali. Amsarta ita ce awon jini kawai yake gani, kuma yana da iyakar abin da yake iya hangowa. Ragowar ƙwayar tana laɓe a cikin hanta, kuma sai an daɗe ana danne ta kafin ɓurɓushin ya ƙare. In aka ɗaga hannu da wuri, cikin 'yan makonni za ta dawo kamar ba a taɓa yin komai ba. Shi ya sa ba a cewa mutum ya warke ranar allurar ƙarshe. A zamanin intafiron, sai an jira mako 24 babu magani, an sake awo an ga wayam. Wanda ya tsallake wannan, cikin ɗari da ƙyar ɗaya cutar ke dawo masa.

Likitan da ɗazu yake lallashin wani ya tsaya, yanzu shi ne yake lallashin wannan ya ci gaba, kuma a duka biyun lissafi ɗaya yake bi. A 2002 John McHutchison da abokansa suka fito da abin da likitoci suka riƙa kira ƙa'idar tamanin uku: wanda ya samu kashi 80 na allurar, da kashi 80 na ƙwayoyin, a cikin kashi 80 na wa'adin, ya fi samun waraka a fili. Ƙa'idar tana da daɗi ta fuska biyu. Ta nuna cewa sakaci yana da tsada, ta kuma bar wa likita gibin kashi 20 da zai yi wasa da shi don ya riƙe mutum a kan hanya.

A cikin wannan gibin ake ganin hannun gwani. Ƙwayar ribabirin ɗaya miligiram 200 ce, kuma mai dangi na 1 yakan sha biyar a rana in nauyinsa bai kai kilo 75 ba, shida in ya kai. In awon himogulobin, wato ƙarfin jan jini, ya sauka ƙasa da 10, a rage. In ya sauka ƙasa da 8.5, a tsayar da ita. In fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta suka yi ƙasa da 750, a rage allura. Ƙasa da 500, a dakatar. Masu daskarar da jini kuma 50,000 da 25,000 ne iyakokinsu. Waɗannan lambobi kowa zai iya haddace su. Gwani kuwa ba ya jira a kai gare su. Ya san ƙarfin jini ya fi sauka a wata na farko da na biyu, saboda haka a lokacin yake matsa awo. In ya ga himogulobin ya faɗo daga 15 zuwa 11 cikin mako uku, saurin faɗuwar yake dubawa, ya cire ƙwaya ɗaya tun kafin a kai 10, maimakon ya jira a faɗa rami sannan ya zabge rabi. Ya san ragi ya fi yankewa, kuma ragin da aka yi bayan ƙwayar cutar ta ɓace bai kai na makonnin farko ɓarna ba. Ya san himogulobin 10 a jikin saurayi ɗan talatin daban yake da 10 a jikin dattijo mai ciwon zuciya. Inda akwai hali, yakan haɗa da allurar da ke zaburar da ɓargo ya ƙara jini, don a tsira da adadin ribabirin. Wani abin mamaki ma, da aka bi bayanan wani babban bincike na mutum fiye da dubu uku a Amurka, sai aka ga waɗanda ƙarfin jininsu ya fi sauka sun fi warkewa, alamar maganin ya ratsa jikinsu sosai. Likita kan iya gaya wa mai haki wannan, kuma ba ƙarya ya yi masa ba.

Akwai kuma abin da babu injin da ke auna shi. Namiji ba ya zuwa asibiti ya ce yana kuka da daddare. In an tambaye shi yaya jiki, zai ce da sauƙi. Shi ya sa gogaggen likita, ko ma'aikaciyar jinyar da ta daɗe a sashen (kuma sau da yawa su ne suka fi gano wannan), yakan nemi a zo da matar gida. "Hajiya, yaya barcinsa? Yana cin abinci tare da ku? Yana yi wa yara tsawa fiye da da?" Daga amsarta ake gane ko gajiya ce kawai ko ƙuncin da intafiron ke jawowa ne, wanda ke kama kusan mutum biyu zuwa uku cikin goma. In ƙuncin mai sauƙi ne, a ba da maganinsa a ci gaba. In kuwa mutum ya fara maganar gara ya mutu ya huta, an ajiye allura a ranar, ko da ƙwayar cutar ta ɓace, ko da saura mako shida a gama. A nan babu ciniki. Haka nan maganar ciki: ribabirin tana nakasa ɗan tayi, saboda haka mace ko namiji, in ana shan ta, ba a neman haihuwa har sai aƙalla wata shida bayan an gama. Likitan da ya san mutane yakan yi wa ango ko amarya wannan tambaya tun kafin a soka allurar farko, don kada a zo tsakiyar tafiya a tarar da abin da zai tilasta tsayawa.

Tsakanin wanda ya faɗi da wanda ya ci, akwai 'yan tsakiya, kuma su ne masu sa likita ya kwana yana juyi. Mutum ya kai faɗuwar ninki ɗari a mako na 12, amma ƙwayar ba ta ɓace ba sai wajen mako na 24. Bincike daga Jamus da Sifaniya a 2006 ya nuna irin waɗannan masu jan ƙafa suna iya amfana in an ja maganin zuwa mako 72, shekara ɗaya da wata huɗu da ɗoriya. Amma da yawa ba sa iya kaiwa, kuma wanda ya yanke a hanya bai ci ribar ƙarin ba. A ɗaya gefen, wanda ƙwayarsa ta ɓace tun mako na 4, kuma da ma ba ta da yawa, ana iya taƙaita masa daga 48 zuwa 24. Taƙaitawar ma ba kyauta ba ce. Da aka gwada mako 16 maimakon 24 a kan masu dangi na 2 da na 3, a wani bincike na 2007, waraka ta sauka daga kashi 70 zuwa 62. Wata biyu na hutu a hannu ɗaya, kashi takwas na damar warkewa a ɗaya hannun. Littafi ba zai zaɓar wa mutum ba.

Abin da ke karkatar da ma'aunin shi ne halin hantar. A da sai an soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari an ciro ɗan tsinken hanta an duba, daga baya na'urar FibroScan ta Faransa ta zo tana auna taurin hanta daga waje. Mai ɗan tabo kaɗan yana da shekaru a gabansa, in wahala ta yi yawa zai iya tsayawa ya jira zamani. Mai ƙandararriyar hanta kuwa shi ya fi kowa buƙatar waraka, shi ya fi kowa kasa ɗaukar maganin, kuma shi ne maganin ya fi ƙin yi wa aiki. In hantar ta riga ta fara gazawa, intafiron yana iya ƙarasa ta. A kan irin wannan mutum ne likita ke tafiya a hankali, awo kusan duk mako, yana ragewa yana ƙarawa.

Masar tana cikin ƙasashen da suka fi yin wannan aiki da yawa. Tun daga shekarun 1950 har zuwa farkon na 1980 an yi ta bin ƙauyukan bakin Nilu ana yi wa jama'a jerin allurai a jijiya don maganin tsargiya, da sirinjin gilas da ba a dafa shi yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum. Tsargiya ta ragu, ciwon hanta ya bazu. Ƙididdigar 2008 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shekara 15 zuwa 59 yana ɗauke da ƙwayar, kuma fiye da kashi 90 dangi na 4 ne. A 2006 gwamnati ta kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da ciwon hanta, da likitoci irin su Wahid Doss da Gamal Esmat, aka buɗe cibiyoyi fiye da ashirin, aka yi wa mutum sama da dubu 300 maganin intafiron, kusan rabi suka warke. A wuri irin wannan, hukuncin mako na 12 ya wuce maganar mutum ɗaya. Duk allurar da aka ci gaba da yi wa wanda ba za ta yi wa aiki ba, an hana ta wani manomi da ke layi. Likitocin Masar ba su tsaya ga abin da aka gano a kan dangi na 1 ba. Sanaa Kamal ta Jami'ar Ain Shams da abokan aikinta sun gwada mako 24 da 36 da 48 a kan dangi na 4, suka ga 24 ya yi kaɗan ga yawancin mutane, amma 36 ya kusa kamo 48.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: an daɗe ana lura cewa baƙaƙen fata a Amurka ba sa warkewa da intafiron kamar farare. Wani bincike na 2004 ya samu kashi 19 a kan kashi 52. Ba a rasa masu zargin cewa sakaci ne da shan magani ba. Sai a 2009 masu bincike a Jami'ar Duke suka gano wani bambanci a ƙwayar halitta, kusa da wurin da ake kira IL28B, wanda ke sa jiki ya amsa intafiron da kyau, kuma nau'in mai amsawar ya fi ƙaranci a jikin 'yan asalin Afirka. Wannan ya bayyana kusan rabin tazarar. Likitan da ya ce wa majinyacinsa laifin ba na juriyarsa ba ne, ashe kimiyya tana bayansa tun bai sani ba.

A 2011 aka ƙara wasu ƙwayoyi biyu, telafirebir da bosefirebir, a kan tsohon haɗin. Waraka ta ƙaru, wahala ma ta ƙaru, da ƙuraje masu tsanani da ƙarin ƙarancin jini, kuma ƙa'idojin tsayawa suka ƙara tsauri, domin ci gaba da ƙwayar da ba ta aiki yana koya wa cutar yadda za ta bijire mata. A 2012 da 2013 gwanintar ta ɗauki wani salo: likitoci da yawa suka riƙa ce wa masu ɗan tabo kada ma su fara, su jira, ga wani abu nan tafe. A Disambar 2013 Amurka ta amince da sofosbubir, wanda kamfanin Gilead ya sayar da sunan Sovaldi a kan dala 84,000 na mako 12, dala dubu kowace ƙwaya. Masar ta yi ciniki a 2014 ta samu ragin kusan kashi 99, daga baya kamfanoninta suka shiga yin nasu. A Oktoban 2018 ta fara gwajin gama-gari, cikin wata bakwai aka gwada mutum kusan miliyan 50, kuma a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matsayin zinare a kan hanyar kawar da cutar, ƙasa ta farko da ta samu.

Yau maganin ƙwaya ce da ake sha kullum na mako 8 zuwa 12, wani lokaci 24 ga mai ƙandararriyar hanta, ba allura, kuma fiye da kashi 95 suna warkewa. Illarsa ba ta cika wuce ɗan ciwon kai da kasala ba. Amma tambayar tsawon lokaci ba ta mutu ba, kamanni ta sake. Yanzu abin da ke yanke wa mutane magani shi ne kuɗi, ko tafiya, ko ganin an ji garau bayan kwalba ta farko. Ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka ta tsara yadda za a yi: wanda ya tsallake kwana bakwai ko ƙasa da haka, ya ci gaba nan take ya cika wa'adinsa, wanda ya yi wata guda yana sha sannan ya yanke na kwana 21 ko fiye, a tsaya, a jira mako 12 a auna, in ba ta tafi ba a sake sabon shiri. Abin da ke tsakanin waɗannan kuma sai da awo da idon likita. Akwai magungunan da ba sa jituwa da shi, kamar rifamfisin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya, waɗanda ke rage masa ƙarfi. Sannan ga wanda ya fi damun ƙasarmu: mai ɗauke da nau'in B tare da C, in aka kashe C, B na iya farkawa ya far wa hanta. Ƙididdigar ƙasa ta 2018 a Najeriya ta samu nau'in B a jikin kashi 8.1 na manya, C kuma kashi 1.1, don haka gwajin B kafin a fara ba abin tsallakewa ba ne.

Mai karatu, in kai ko wani naka aka ɗora wa wannan magani, a tanadi kuɗin kwalaben duka kafin a buɗe ta farko, a gaya wa likita duk wani magani da ake sha har da na gargajiya, kuma kada a yanke don an ji sauƙi ko a ƙara don ana tsoro sai da shawararsa. Bayan ƙwaya ta ƙarshe a ƙirga mako 12 a koma awon jini, domin wannan takardar ce kaɗai ke tabbatar da an warke. Kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa, don har yau nau'in C ba shi da allurar rigakafi.